Shamsuddeen Hassan Muhammad

Shamsuddeen Hassan Muhammad masanin kimiyyar kwamfuta ne ɗan Najeriya, kuma malami a Jami'ar Bayero da ke Kano. Bincikensa ya karkata ga koya wa kwamfuta fahimtar harsunan Afirka, waɗanda rubutunsu ya yi ƙaranci a intanet.

A shekarar 2022 ya jagoranci aikin NaijaSenti, inda aka tattara saƙonnin Twitter kimanin 30,000 a kowanne daga cikin harsunan Hausa, Ibo da Yarbanci, da kuma wasu a Turancin Buroka, aka rarraba su zuwa na yabo, na suka da na tsaka-tsaki. A 2023 aikin AfriSenti ya faɗaɗa tsarin zuwa harsuna 14. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar HausaNLP.