Kunne a Ƙarƙashin Teku

Na taɓa ɗaukar hira a kasuwar Salaga kan fataucin goro, ƙarar babura ta cinye muryar dattijon. Masu sauraren teku ma haka suke fama. A Yaƙin Duniya na Biyu wata ƙara ta riƙa toshe na'urorin sojojin ruwan Amurka, ashe ƙananan jatan lande ne. Ghana ta fara haƙo mai a rijiyar Jubilee a 2010. A shekarun nan gawarwakin manyan kifayen wel suka yi ta fitowa gaɓar yamma, masunta suka zargi ƙarar binciken mai. To, makirufon da aka zura a ruwa yana kwaso jiragen Takoradi, da igiyar ruwa, har da saukar ruwan sama, sai an tace kafin a san ƙarar wa ta fi. Ni dai hirar Salaga ba ta watsu ba.