Yadda Kurkunu Ya Bar Ƙasar Gana

In ka taso daga Paga da shanu ko da kaya ka nufo Tamale, sai ka ratsa Diare, sannan Savelugu. Tarihin garuruwan nan biyu za mu taɓa yau, don a nan aka yi karon ƙarshe da kurkunu a Gana.

Yaran yanzu ba su san shi ba. Ni kaina tabonsa kawai na tarar a idon sawun manya. Mutum zai sha ruwan tafki mai ɗauke da wasu ƙwari ƙanana da ido bai cika gani ba, 'ya'yan tsutsar na cikinsu. Shiru, sai bayan kamar shekara guda ƙafa ta yi bororo, tana zafi kamar wuta, tsutsa fara mai kusan mita 1 ta fara leƙowa. Ba allura, ba ƙwaya. Sai dai a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan, wani lokaci makonni. Mai ciwon kuma me zai yi? Sai ya tsoma ƙafar a ruwa don ya ji sanyi, nan take tsutsar ta zubar da 'ya'yanta, gari duka ya sha. Manomi ya kwanta, yaro ya bar makaranta, makiyayi yana ji yana gani garke ya fita ba shi.

A 1988 tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya zo Gana ya ga ciwon da idonsa a ƙauyuka kusa da Accra. A shekarar ne Jerry Rawlings ya zaga ƙauyukan Arewa yana nuna wa mutane yadda ake tace ruwa. Ƙidayar 1989 ta samu masu kurkunu kusan 180,000 a Gana. Najeriya ta fi haka, sama da 650,000. Cibiyar Carter, da UNICEF, da Hukumar Lafiya ta Duniya suka haɗa hannu da ma'aikatar lafiya. Kayan da suka kawo ba wasu na a-zo-a-gani ba ne: ƙyallen tace ruwa, maganin Abate da ake zubawa a tafki ya kashe ƙwarin, daga baya kuma ɗan bututu mai rariya da matafiyi zai rataya a wuya ya riƙa zuƙar ruwa da shi a daji. Wannan na ƙarshe, ɗan'uwa makiyayi, irinku aka yi wa.

Zuwa 1994 adadin ya faɗo ƙasa da 10,000, har ana murna. Sai faɗan Konkomba da Nanumba ya ɓarke a shekarar, wanda ake kira yaƙin zabo. Ƙauyuka suka watse, ma'aikatan lafiya suka gudu, aikin ya tsaya. Daga nan Gana ta yi fiye da shekara 10 tana tafiyar hawainiya.

Abin da ya fi ba ni haushi a labarin nan shi ne na Savelugu. A 2006 injinan da ke ba Tamale da kewaye ruwan famfo suka lalace. Savelugu ba ƙauye ba ne, gari ne babba a kan titin kwalta, amma mutane suka koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa da masu tanka, su kuwa daga dam suke ɗebowa. Shekara na zagayowa ciwon ya fashe, yawanci a ƙafafun yara. Carter ya zo garin a Fabrairun 2007 ya tarar da yara na kuka ana jan tsutsa. Ka ga, shekara kusan 20 na taimakon waje, famfo ɗaya ya kusa mayar da hannun agogo baya.

To me ya canza? An gyara ruwa, an haƙa rijiyoyin burtsatse, gaskiya ne. Amma a ganina aikin 'yan gari ne ya karya ƙashin bayan ciwon. An sa masu gadi a bakin dam, mai ciwo ba ya shiga ruwa ko waye ubansa. An buɗe wuraren da ake kwantar da mutum har tsutsar ta gama fita. Matan Red Cross da 'yan sa-kai suna bi gida-gida, suna duba randa, suna duba ko ƙyallen ya yage. Bature ba zai san wace ce ta je ɗebo ruwa da asuba ba, maƙwabciyarta ce ta sani. Daga 3,358 a 2007, adadin ya koma 501 a 2008, sai 242 a 2009, sai 8 kacal a 2010. Na ƙarshe a Diare aka same shi, a watan Mayu. A Janairun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba Gana takardar shaida. Najeriya da Nijar sun riga mu, tun 2013.

Sai dai kurkunu bai bar duniya ba tukuna. Mutum 14 aka samu da shi a 2023, kuma a Chadi da Mali ana ganin sa har a jikin karnuka. Ruwan da ka sha a wani tafki can ƙetare bara, bana zai fito maka a nan, ba jami'in iyakar da zai gan shi a jikinka. In ka ga bororo mai zafi da farin zare a ƙafarka, ko ta yaron kiwo, ko ta karen ruga, kada a kusanci mashaya. A ɗaure karen, a sanar da asibiti mafi kusa a ranar.