Yadda Sunan Ingilishi Ya Zubar Da Ɗafe-Ɗafensa, Wakilin Suna Ya Riƙe Nasa

Ɗalibin da ya saba da nahawun Hausa, in ya duba jimlar Ingilishi, zai ga suna ba ya sauya siga ko yana aikau ko yana karɓau, amma wakilin suna yana sauyawa. Kalmar king ɗaya ce, ko sarki ne ya yi aikin ko a kansa aikin ya faɗa, alhali he yakan koma him, we ya koma us. Wannan rashin daidaito gado ne na tarihi mai tsawon sama da shekara dubu.

Ƙabilun Anglo-Sakson sun fara zama a Birtaniya a ƙarni na 5, da harshen da a yau ake kira Tsohon Ingilishi. A cikinsa kowane suna yana da jinsi ɗaya cikin uku: namiji, mace, ko wanda ba namiji ba mace, kuma jinsin ba lallai ya bi halitta ba. Kalmar wif, wato mace, tana cikin jinsi na uku ne. Suna da kalmomin da ke rakiyarsa suna sauya siga don nuna aikau, karɓau, mallaka, ko wanda aka yi abu dominsa. In sarki ne aikau sai a ce se cyning, in karɓau ne a ce þone cyning. Saboda haka jerin kalmomi yana da 'yanci fiye da na yau, tunda sigar kalma na faɗin aikinta.

Abubuwa biyu suka rushe wannan tsari. Na farko daga cikin harshen yake: ƙarfin furuci yana sauka a gaɓar farko ta kalma, sai wasulan ɗafa-ƙeya suka raunana har suka daina bambanta a kunne. Na biyu cuɗanya ce. A ƙarni na 9 mutanen Danmak da Norway sun mamaye arewaci da gabashin Ingila suka zauna. Harshensu ɗan'uwan Ingilishi ne, tushen kalmomi da yawa iri ɗaya, ɗafe-ɗafen ne suka saɓa. Masana da dama na ganin wannan zaman tare ya gaggauta zubar da su. Bayan Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada, Latin na coci da takardun mulki, sai tsohuwar ƙa'idar rubuta Ingilishi ta lalace. Kundin tarihin Peterborough, wanda ya tsaya a 1154, yana nuna sauyin a fili a shafukansa na ƙarshe.

Da ɗafe-ɗafe suka tafi, sai matsayin kalma ya ɗauki aikinsu: aikau a gaba, aikatau a tsakiya, karɓau a baya, kamar a Hausa inda "Audu ya ga Bala" ya sha bamban da "Bala ya ga Audu". Abin da ya rage wa suna shi ne alamar jam'i da ta mallaka, sai 'yan tsirarun tsofaffin jam'i irin oxen da feet.

Wakilan suna kuwa, da yake kullum suna kan harshe, sun riƙe bambancin aikau da karɓau, ko da yake su ma sun sha gyara. Tsofaffin kalmomin "shi", "ita" da "su" duk da harafin h suke farawa, kuma furucinsu ya matso kusa da juna. Sai she ta bayyana, a karon farko cikin kundin Peterborough ɗin nan. They, their da them kuwa aro ne daga mutanen arewa, kuma a hankali suka gangaro kudu. Chaucer, wanda ya rasu a 1400, yana rubuta they, amma yana nan da tsohuwar hem a wurin them.

Asara mafi girma ta faɗa wa mutum na biyu. A da thou na tilo ne, ye da you na jam'i. Da aka fara girmama babba da sigar jam'i, kamar yadda Bahaushe ke ce wa dattijo "ku", sai thou ta zama ta na kusa da na ƙasa. Fassarar Littafi Mai Tsarki ta 1611 ta riƙe ta, 'yan ɗariƙar Kwaka ma sun nace mata a ƙarni na 17 har suka sha tsangwama, amma a daidaitaccen harshe you ta haɗiye sauran.

Nan ne kwatanci da Hausa ke da amfani. Inda Hausa ke da kai, ke da ku, Ingilishi kalma ɗaya gare shi, don haka mai fassara zuwa Hausa dole ya binciko jinsi da adadin wanda ake yi wa magana kafin ya sa alƙalami. Haka kuma Hausa na buƙatar lamirin suna ko da an ambaci aikau, kamar "Audu ya tafi", alhali a daidaitaccen Ingilishi wakilin suna maye gurbin suna yake yi, ba ya biyo shi. Wanda ya san wannan tarihi zai gane cewa he da him ragowar tsari ne da dukkan sunayen Ingilishi suka taɓa bi.