Lasifikar kunne mai buɗaɗɗen baya: daɗin sauti, sauƙin sawa da lafiyar ji

Lasifikar kunne, wadda aka fi sani da iyafis ko hedifon, ta zama abokiyar tafiyar wayar hannu. A Tambuwal, Dogon Daji, Jabo, Kebbe ko Kuchi, duk inda ake cajin waya ko tura karatu da waƙoƙi za ka tarar ana sayar da ita. Ɗalibi na bitar hadda da ita, uwargida na sauraron tafsiri tana aikin gida, ɗan kabu-kabu na jin labarai yana jiran fasinja. Tambayar da marasa lafiya da iyaye suka fi yi wa likita ita ce, wace iri ce ba ta cutar da kunne? Amsar ta dogara da abu uku: ƙarfin sautin, tsawon lokacin da aka ɗauka ana sauraro, da wurin da ake sauraron. Irin lasifikar na da tasiri ne gwargwadon yadda take sa mutum ya ƙara murya ko ya rage.

Ire-irenta

Akwai ƙarama da ake cusawa cikin ramin kunne, mai waya ko marar waya, kuma ita ce ta cika kasuwanninmu. Akwai babba mai baka da ake ɗorawa a ka, ta kife kunnuwa biyu kamar ƙoƙo. Wannan babbar ta kasu biyu. Mai rufaffen baya ƙoƙonta a toshe yake, tana tsare sautin a ciki, tana kuma rage hayaniyar waje. Mai buɗaɗɗen baya kuwa bayan ƙoƙonta raga ne ko ƙananan huji, iska da sauti na shiga suna fita. Kamfanin Sennheiser na Jamus ne ya fara fitar da irinta a 1968. A yau akwai masu sauƙin kuɗi kamar Koss KSC75 da Philips SHP9500, da masu rabin buɗewa kamar Samson SR850 da Superlux HD681. Ba kasafai ake samunsu a shagunan ƙauye ba, yawanci sai an yi oda ta intanet ko an aika manyan birane.

Yadda sautinta yake

Wanda ya saba da iyafis na kasuwa, in ya sa mai buɗaɗɗen baya karon farko, abin da zai fara lura da shi shi ne muryar ba ta cikin ƙwaƙwalwarsa. Sai ya ji kamar mai karatun na zaune gabansa a ɗaki. Dalili kuwa, sautin da ke fitowa ta bayan 'yar lasifikar yana ficewa waje, ba ya bugun bangon ƙoƙo ya dawo ya cakuɗe da na gaba. Muryar mutum kan fito tangaran, abin da ke da amfani ga mai koyon tajwidi ko mai sauraron darasi.

Tana da nata rauni. Sauti mai kauri, irin dukan babbar ganga, ba ya fitowa da nauyi sosai. Wasu masu arahar kuma suna kaifafa siririn sauti har ya riƙa sukar kunne, mutum ya gaji kafin awa guda. Na kusa da kai zai ji abin da kake saurare, don haka ba ta dace da ɗakin kwanan marasa lafiya ba, ko ɗakin da jariri ke barci. Babban rauninta a wajen likita shi ne ba ta tare hayaniya ko kaɗan. Za mu dawo kan wannan, domin nan ne haɗarin yake.

Sauƙin sawa a ƙasa mai zafi

Daga Maris zuwa Mayu zafin jihar Sakkwato kan haura digiri 40. Lasifika mai rufaffen baya, musamman mai matashin roba da aka yi shi kamar fata, takan tara gumi a kewayen kunne cikin ɗan lokaci, robar ta fara ɓarewa bayan 'yan watanni, wasu ma ta jawo musu ƙaiƙayi da ƙuraje. A nan mai buɗaɗɗen baya ta yi zarra. Iska na ratsa ta, kuma da yawa matashinsu na yadi ne ko soso. Galibinsu masu waya ne, ba sa buƙatar caji, wanda ba ƙaramin sauƙi ba ne inda wutar lantarki ke wuya.

Sai dai ƙofar da iska ke bi ita ƙura ke bi. A lokacin hunturu ƙura na shiga ragar ta kwanta a kan lasifikar, matashin yadin kuma ya sha datti. A riƙa ajiye ta cikin jaka, a cire matashin a wanke da sabulu in yana ciruwa, a bar shi ya bushe sarai kafin a mayar. Kafin a saya a gwada ta a ka na 'yan mintoci. In tana matse gefen kai, ko tana danne kunne a jikin sandar tabarau, ciwon kai za ta riƙa sawa, kuma ba lallai ta saki daga baya ba.

Iyafis da ake cusawa ciki matsalarsa daban ce. Kunne na fitar da dauɗarsa da kansa a hankali, daga ciki zuwa waje. Abin da aka toshe ramin da shi awanni da yawa kullum yana hana ta fita, yana ma tura ta ciki har ta dunƙule ta rage ji. Yana kuma riƙe zafi da danshi, abin da ƙwayoyin cuta da fumfuna ke so, musamman da damina. Mata masu sa shi ƙarƙashin hijabi ko ɗankwali sukan manta da shi a kunne tun safe har azahar. Aron iyafis tsakanin abokai ko 'yan ɗaki ɗaya a makarantar kwana hanya ce ta yaɗa ciwon fatar kunne. Wanda kunnensa ke ruwa ko mugunya kada ya cusa komai ciki har sai ya warke.

Yadda ƙara ke lalata ji

Can cikin kunne, bayan dodon kunne da ƙananan ƙasusuwa uku, akwai wani sashe mai siffar katantanwa. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kimanin 15,000 a kowane kunne, su ne ke mayar da motsin sauti saƙon da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi na gajiyar da su. In an huta sukan farfaɗo, shi ya sa wanda ya dawo daga biki kunnensa na kuka yakan wayi gari ya ji sauƙi. In aka yi ta maimaitawa sai su mutu, kuma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Babu allura ko ƙwaya ko maganin gargajiya da ke dawo da ita.

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. Hira ta yau da kullum tana wajen 60. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron sauti mai desibel 80 na tsawon awa 40 a mako ba tare da fargaba ba, yaro kuma 75. Daga nan lokacin ke zaftarewa da sauri, domin duk ƙarin desibel 3 yana raba shi biyu. A 85 awa 12 da rabi ne a mako, a 90 awa 4, a 95 awa ɗaya da kwata, a 100 kuwa minti 20 kacal a mako guda. Waya da iyafis, in aka ƙure murya, suna iya kai 100 ko su wuce. Hukumar ta ƙiyasta cewa matasa sama da biliyan ɗaya 'yan shekara 12 zuwa 35 na cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan sauraro.

A lura, kunne bai san bambancin waƙa da wa'azi ba. Karatu a desibel 95 da kiɗa a desibel 95 illarsu ɗaya.

Inda mai buɗaɗɗen baya ke zama haɗari

Mutum ba ya saita murya da lissafi, yana ƙara ta ne har sai ta rinjayi hayaniyar da ke kewaye da shi. A ɗaki shiru da dare, ɗan sauti kaɗan ya ishe shi, kuma a irin wannan wuri mai buɗaɗɗen baya na cikin mafi dacewa da lafiyar kunne. Amma a ɗauki wannan lasifikar a shiga motar haya daga Tambuwal zuwa Sakkwato, tagogi a buɗe, ko a zauna kusa da janareta, ko injin ban ruwa a fadama, ko tashar mota ranar kasuwa. Duk ƙarar za ta shigo ta ragar, mai sauraro ya yi ta danna maɓallin ƙari har ya ƙure, yana ganin muryar ba ta da ƙarfi alhali kunnensa na shan ƙara biyu a haɗe. A irin waɗannan wurare mai rufaffen baya, ko iyafis mai bakin roba da ya zauna daidai, ya fi, saboda yana rage hayaniyar har mutum ya iya sauraro a ƙasa-ƙasa.

Masu injin niƙa da markaɗe, masu walda da masu yankan katako suna da wata al'ada da ya kamata a bari. Sukan sa iyafis su kunna waƙa wai don su huta da ƙarar injin. Wannan ƙara ce a kan ƙara. Abin da suke buƙata shi ne matoshin kunne na soso ko marufin kunne na ma'aikata, wanda ba ya fitar da sauti. Lasifikar da aka rubuta a kwalinta cewa tana kashe hayaniya ba ta maye gurbinsu, kuma a cikin masu arha akwai waɗanda rubutun ne kawai.

Sa iyafis a kunne ɗaya ma ba dabara ba ce. Sauti ya fi cika idan kunnuwa biyu ke jin sa, don haka mai kunne ɗaya yakan ƙara murya, ya ɗora wa kunnen nan nauyin duka. A kan babur kuwa, kowace iri ce, cire ta ya fi, ko don a ji hon na motar da ke tafe a baya.

Yadda za a gane murya ta yi yawa

Kada ma'aunin muryar waya ya wuce kashi 60 cikin 100, wato ɗan sama da rabi. Wayoyi da yawa na nuna gargaɗi in an zo iyaka, kuma yawancinmu mukan danna amincewa ba tare da mun karanta ba. A riƙa cire lasifikar ana hutar da kunne na 'yan mintoci bayan kowace awa. Kada a kwana da ita a kunne tana aiki. Da mai buɗaɗɗen baya gwajin mai sauƙi ne: in wanda ke nesa da kai da tsawon hannu ya yi magana yadda ya saba ba ka ji shi ba, ka rage. Yoyon sautinta waje ba shaida ba ce cewa ta yi ƙarfi, haka aka ƙera ta. Amma in iyafis na cikin kunne ne har na kusa ke jin abin da ake saurare, to ya wuce kima. Iyaye su duba wayar da yara ke kallo da ita, domin a wasu wayoyin ana iya kulle iyakar murya daga wajen saiti.

Alamomin da ke buƙatar likita

Rashin jin da ƙara ke jawowa ba ya zuwa da ciwo, kuma siririn sauti yake fara ci. Mutum na jin ana magana amma kalmomin na cakuɗe masa, ya kasa bambance "sata" da "fata", ko "sa" da "sha". A gida shiru yana ji lafiya lau, a wajen ɗaurin aure ko kasuwa sai ya yi ta cewa "na'am?" Sau da yawa iyali ne ke fara lura, ganin yadda yake ƙure rediyo. Kukan kunne ko shuwa da ba ta tafiya, da jin kunne ya toshe bayan an cire iyafis, gargaɗi ne na farko.

Ƙaiƙayi mai tsanani, ciwo in an taɓa kunne, ruwa ko mugunya, duk suna buƙatar a leƙa kunnen da fitila a asibiti. Kada a sakace da ashana, gashin kaza ko tsinken auduga, kada kuma a ɗiga man ja, ruwan albasa ko turare. Sayen maganin ɗigawa a kemis ba tare da an duba ba yana da haɗari biyu: in fumfuna ce maganin ƙwayoyin cuta na iya ƙara mata ƙarfi, in kuma dodon kunne ya huje, wasu magungunan kamar masu ɗauke da jentamaisin na iya taɓa ji. Mai ciwon suga da kunnensa ke ciwo, musamman in yana hana shi barci, ya je asibiti da wuri, domin a wajensa ciwon na iya cin ƙashi. Wanda ya taɓa yin sanƙarau ko ƙyanda, ko aka yi masa allurai masu taɓa ji, ya ƙara kiyayewa da ƙara, tunda mai yiwuwa jin nasa ya riga ya ragu.

Abu ɗaya ba ya jira. In ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, cikin awanni ko kwana biyu zuwa uku, da jiri ko babu, a nemi likitan kunne nan take. Maganinsa ya fi aiki a cikin mako biyun farko, kuma da yawa kan ɓata wannan lokacin suna zaton dauɗa ce.

Babban asibitin Tambuwal ko na Kebbe zai iya duba kunne, ya yi maganin ciwon da ba mai tsanani ba, ya kuma rubuta takardar turawa gaba. Gwajin ji na na'ura da ganin ƙwararren likitan kunne, hanci da maƙogwaro ana yin su a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, kimanin kilomita 100 daga Tambuwal, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Mai wayar zamani na iya yin gwajin farko a gida da manhajar hearWHO, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar kyauta a 2019. Tana karanto lambobi cikin hayaniya mutum yana danna abin da ya ji, kuma ana yin ta ne da lasifika a kunnuwa biyu a ɗaki shiru. In sakamakon ya yi ƙasa, a tafi da shi asibiti, a kuma riƙo lasifikar da ake amfani da ita likita ya gani.