Daga Sabon Ibadan zuwa Uromi: tarihin ɗora wa ƙabila laifin mutum ɗaya



Da yawa daga cikinmu mazauna kudu mun san Sabon Ibadan a matsayin cibiyar goro da shanu, amma kaɗan ne suka san dalilin kafa ta. Kafin 1916 Hausawan Ibadan a warwatse suke cikin gari, suna zaune a gidajen Yarbawa. Da fasa gidaje cikin dare ya yi yawa, sai yatsa ya nuna baƙi, aka ce ɓarayin Hausawa ne. Wannan zargi na cikin dalilan da suka sa sarakunan gari da Turawan mulkin mallaka suka ware wa Hausawa unguwa a kusa da Mokola a 1916, aka ɗora wa Sarkin Hausawa nauyin sa ido kan mai shiga da mai fita. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo yana bincike, ya kawo wannan tarihi a littafinsa na 1969.

Ba ma cewa babu ɓata-gari cikin baƙin wancan zamani. Kowace al'umma tana da nata. Sai dai ware Hausawa bai kawar da sata daga Ibadan ba, domin daga shekarun 1930 garin ya yi ta fama da samari masu yankan aljihu da ake kira jaguda. Kakanninmu kuwa suka mai da unguwar zargi gidan amana, inda fatake ke barin dukiyarsu hannun maigida, ana ba mahauta shanu bashi da baki kawai.

Shekara fiye da ɗari ke nan, amma halin bai gushe ba. A Fabrairun 2021 saɓani tsakanin mutane ƙalilan a kasuwar Shasha ya jawo mutuwar wani mai gyaran takalmi. Maimakon a kama wanda ake zargi a kai shi kotu, sai aka ƙone shaguna da gidaje, aka rasa rayuka. A Maris 2025 kuma 'yan sintiri suka tare wata babbar mota a Uromi ta jihar Edo. Mafarauta ne a ciki, sun taso daga Fatakwal za su Kano yin Sallah. Ganin bindigogin farauta da jin harshensu ya isa a ce masu garkuwa da mutane ne. Aka kashe mutum 16 ba tare da sun ga alƙali ba. Satar mutane da ta addabi yankin gaskiya ce, amma masu yin ta ba abin da ya same su a ranar.

Wannan wuƙa kowa take yanka. Bayan rikicin Ile-Ife na Maris 2017, 'yan sanda sun gabatar da waɗanda ake zargi a Abuja, ƙungiyoyin Yarbawa suka koka cewa nasu kaɗai aka kama. Haka Ibo mazauna Arewa ke ji idan aka ɗora musu duka laifin mai sayar da jabun magani guda ɗaya. Abin da ba mu so a yi mana, kada mu yi wa wani.

Doka ba ta yarda da wannan ba. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi har sai kotu ta tabbatar, sashe na 41 kuma ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zama a ko'ina cikin Najeriya. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a zargi mutum saboda shigarsa ko irin kallon da ake wa jama'arsa, ta kuma hana kama wani a madadin wani.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa, musamman 'yan acaba, 'yan dako da masu gadi, kowa ya riƙe katin shaidarsa, baƙo kuma ya sanar da Sarkin Hausawa zuwansa. Idan an kama namu ba bisa ƙa'ida ba, a gaggauta sanar da shugabanni don a nemi lauya. Idan kuwa namu ne ya yi laifi, kada mu ɓoye shi, domin wake ɗaya ke ɓata gari.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.