Salem da Zango: Tarihin Wata Katanga

Mai sauraro, in ka sauko daga Zangon Kumasi ka ratsa kasuwar Kejetia zuwa Adum, za ka ga cocin da ke ɗauke da sunan Ramseyer. To, yau tarihin mutanen wannan coci za mu taɓa, don akwai abin da ya shafe ni da kai a ciki.

'Yan mishan na Basel, daga ƙasar Suwizalan, sun sauka a Osu, bakin tekun Ankara, a 1828. Mutane ne masu tsauri a addini. A ganinsu, wanda ya karɓi Kiristanci ba zai tsira da imaninsa ba muddin yana kwana gida ɗaya da masu tsafi. Sai suka riƙa samun fili a gefen gari, su gina unguwa ta Kirista zalla, su kira ta Salem, wato salama. A can ba kiɗan gargajiya, ba bikin kakanni, ba mace ta biyu. Wanda ya karya doka yana iya rasa coci da matsuguni gaba ɗaya.

Shi Fritz Ramseyer, mayaƙan Asante sun kama shi da matarsa a 1869, suka tsare su a Kumasi har 1874. A 1896, bayan Ingilishi sun shiga garin, ya dawo ya kafa mishan.

Gaskiya dai a faɗe ta: waɗannan mutane sun kawo makarantu da sana'o'in hannu, sun rubuta harshen Twi, kuma su suka buɗe asibitin Agogo a 1931. Amma warewar ta yi ɓarna. Wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, sai ga ɗaya a Salem, ɗaya a cikin gari, ko jana'iza ba sa yi iri ɗaya. Sarakuna suka ga talakawansu na zamewa daga hannunsu. A 1941, Nana Ofori Atta na Akyem Abuakwa ya rubuta wa babban taron cocin kokensa, cewa wannan tsari yana raba jama'arsa gida biyu. Kafin nan ma, wani malaminsu, Ephraim Amu, ya rasa aikinsa a kwalejin Akropong bayan ya hau mumbari da zanen gargajiya. Ka ji fa, a kan tufa! Yau kuwa, ganga da zanen kente duk sun shiga cocin. Katangar ta faɗi, imanin bai faɗi ba.

Yanzu dubi Zango. Shi ma a gefe yake, amma masauki ne. Fataken goro da masu koro shanu daga arewa suna sauka wajen maigida, Bahaushe da Bamoshe da Bafulatani su ci tuwo kwano ɗaya, da safe kowa ya shiga kasuwa ya yi ciniki da mutanen gari. Salem ta rufe ƙofa don tsoron gurɓata, Zango ya bar tasa a buɗe don neman abinci.

Don haka, ɗan'uwa, ko coci kake zuwa ko masallaci, in wani ya ce kada ka ci yankan ƙanenka, kada ka gaida maƙwabcinka, ka tambaye shi: ran da shanuna suka shiga gonar mutum, wa zai tsaya mini a gaban sarki? Zo mu zauna, zo mu saɓa ne. Amma wanda bai zauna da kowa ba, ranar wuya ba shi da mai shaida.