Gaya da Ajingi: Tarihin Sarauta da na Kogi a Gabashin Kano

Ƙasar Gaya da Ajingi tana gabashin Jihar Kano, a kan iyaka da Jihar Jigawa, kuma ko da yake tsakaninta da teku akwai tafiyar ɗaruruwan kilomitoci, rayuwar da yawa daga cikin mutanenta rayuwar bakin ruwa ce, domin kogin da yake samuwa bayan haɗuwar Kogin Kano da Kogin Challawa, wanda mutanen yankin suke kira Kogin Wudil, masu taswira kuma suke rubuta shi Kogin Haɗeja, yana bi ta gefen Ajingi kafin ya gangara Ringim. Ƙasar noma a nan iri biyu ce: akwai jigawa, wato tudu mai rairayi inda ake shuka gero da dawa da wake da gyaɗa da damina, akwai kuma fadama, wato ƙasa mai laka da danshi a kwarin kogi, inda shinkafa take yi da damina, albasa da tumatir da alkama kuma suke yi da rani. A ƙidayar 2006 an samu mutum kimanin 200,000 a ƙaramar hukumar Gaya da kimanin 170,000 a ta Ajingi, kuma su biyun tare da Albasu ne suke da kujera ɗaya a Majalisar Wakilai ta Tarayya.

Gaya tana cikin garuruwan da suka fi daɗewa a ƙasar Kano. Labarin baka ya nuna cewa wani maƙeri mai suna Kano ne ya taso daga Gaya yana neman tama, wato dutsen da ake narkawa a fitar da ƙarfe, har ya zauna a gindin dutsen Dala, kuma Abagayawa, zuriyar maƙera ta cikin birnin Kano, daga wannan ƙaura suke lissafa asalinsu. Tarihin Kano, littafin sarakunan nan da aka rubuta da Larabci wanda wani Bature mai suna Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambaci zuwan Agalfati ɗan Sarkin Machina a zamanin Sarki Yakubu (1452 zuwa 1463), ya kuma kira shi Sarkin Gaya, abin da yake nuna cewa tun ƙarni na 15 garin yana da alaƙa da ƙasashen gabas da ke ƙarƙashin inuwar Barno. Matsayin Gaya ke nan tun farko: ƙofa ce ta gabas, wadda fatake da malamai suke shigowa ta cikinta, mayaƙa ma ta nan suke biyowa, saboda haka Kano ba ta taɓa iya kawar da ido daga kanta ba.

Labarin da ya fi bayyana irin zaman da ke tsakanin garuruwan biyu shi ne na Sarkin Gaya Farin Dutse, wanda ya yi tawaye a zamanin Sarkin Kano Dadi (1670 zuwa 1703), ya hana haraji shekara uku, har sai da aka yaudare shi ya zo ganawa aka kashe shi. Abin lura a nan shi ne cewa Mariyama 'yar Farin Dutse ita ce mahaifiyar Muhammadu Sharefa, wanda ya gaji Dadi ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731, kuma a zamaninsa Gayawa suka yi ƙarfi ƙwarai a fadar Kano. Amma wannan Sharefa, jikan mutumin da ya rasa ransa saboda ƙin biyan haraji, shi ne Tarihin Kano ya fi tunawa da ƙirƙiro sababbin haraji, har da na kasuwar Kurmi. Kusancin manyan Gaya da gadon mulki bai sauƙaƙa wa manomin ƙauye komai ba, kuma wannan al'amari zai sake faruwa a wasu zamunan da wasu sunaye.

Bayan jihadin da ya kawo ƙarshen mulkin Sarki Alwali a 1807, Gaya ta ci gaba da zama cikin manyan garuruwan da sarakunansu suke zaune a ƙasarsu, kamar Rano da Dutse da Ƙaraye, saɓanin yawancin ƙauyukan Kano waɗanda masu riƙonsu suke zaune a birni suna aika jakadu, wato wakilan da suke karɓo haraji su kai saƙo. Ƙarni na 19 bai yi wa gabashin Kano daɗi ba, domin rundunar Shehu Laminu na Barno ta shigo yankin a 1826 zuwa 1827, Sarkin Haɗeja Buhari ya addabe shi da hari a tsakiyar ƙarnin, Ningawa suka biyo baya daga kudu, sannan Basasar Kano ta 1893 zuwa 1895 ta tashi, inda Yusufawa, wato ɓangaren da ya yi tawaye, suka kafa sansaninsu a Takai, maƙwabciyar ƙasar Gaya.

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, kuma cikin 'yan shekaru suka yanka ƙasar gunduma-gunduma, kowace da hakiminta zaune a cikinta, dagatai da masu unguwanni suna ƙarƙashinsa, aka kuma mai da haraji kuɗin da ake lissafawa a kai baitulmalin En'e, wato hukumar gargajiya da Sarkin Kano yake shugabanta. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta sa gyaɗa ta zama amfanin sayarwa, jigayin gabas kuwa sun dace da ita, sai dai manomin da ya rage gero don ya ƙara gyaɗa ya gane kurensa a yunwar 1913 zuwa 1914. Daga nan har zuwa farin 1972 zuwa 1974, da cutar da ta lalata gyaɗa a 1975, tsarin bai sauya sosai ba: dukiya tana tafiya yamma zuwa birni ta hanyar haraji da jangali, wato harajin shanu, da ribar dillalai, abin da yake dawowa kuwa bai taka kara ya karya ba. Wannan ne ya sa kiran jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a 1950, ya samu kunnen talakawan ƙauyukan Kano, ya kuma sa soke haraji da jangali da Gwamna Abubakar Rimi ya yi a 1979 ya zama ma'aunin da dattawa suke auna zaɓaɓɓen shugaba da shi har yau, domin alkawari ne da aka yi a fili aka kuma cika shi a fili.

Daga zamanin Rimi ne batun darajar sarautar Gaya ya shiga siyasar jam'iyyu, bai kuwa fita ba. A 1981 Rimi ya ɗaga Gaya ta zama masarauta, tare da Rano da Ƙaraye da Dutse da Auyo, a daidai lokacin da rikicinsa da fadar Kano ya kai ga tarzomar 10 ga Yuli. Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya soke wannan tsari da hawansa a 1983. A watan Mayun 2019 Gwamna Abdullahi Ganduje ya sake ƙirƙirar masarautar Gaya mai daraja ta ɗaya, Alhaji Ibrahim Abdulƙadir ya zama sarki mai sanda, da ya rasu a 2021 kuma ɗansa Aliyu ya gaje shi. Ranar 23 ga Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta rushe masarautun da Ganduje ya ƙirƙira, sannan a watan Yuli aka dawo da Gaya a matsayin masarauta mai daraja ta biyu wadda ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu. Cikin shekara 43 an ɗaga sarautar an sauke ta, an sake ɗagawa an sake saukewa, an kuma mayar da ita tsaka-tsaki, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan hukunce-hukunce a birnin Kano aka yanke shi. Ba a raina abin da daraja take jawowa, domin hedikwatar masarauta takan samu titi da gyaran asibiti, amma alherin yakan tsaya a cikin gari, da wuya ya kai ƙauyuka irin su Toranke ko Balare ko Kademi.

Yankin bai rasa manya a gwamnati ba. Kabiru Ibrahim Gaya ya yi gwamnan Kano daga Janairun 1992 zuwa Nuwamban 1993, ya kuma wakilci Kano ta Kudu a Majalisar Dattawa daga 2007 zuwa 2023, lokacin da masu zaɓe suka juya suka ba Kawu Sumaila na jam'iyyar NNPP kujerar.

Tarihin da ba a cika bayarwa ba shi ne na kogin, alhali shi ya fi shafar tukunyar mutanen Ajingi. Kafin a gina madatsun ruwa, kogin yakan cika da damina ya malala cikin fadamu ya bar musu sabuwar laka, da rani kuma ya janye har ya zama yashi, kuma manoma da masunta da makiyaya sun san lokacin kowane, sun tsara aikinsu a kansa. Madatsar Tiga, wadda gwamnatin Audu Bako ta kammala a 1974, da ta Challawa da aka gama a 1992, sun sauya wannan tsari gaba ɗaya, domin ruwan ya koma hannun ma'aikatan Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, hukumar tarayya da aka kafa a 1976. An samu riba, tun da ruwa yana gudana da rani, noman rani da injin ban-ruwa kuma ya bunƙasa. Amma manyan filayen ban-ruwa na Kadawa da Kura suna can sama da Wudil, mutanen ƙasa kuwa su ne suke karɓar abin da aka sako. Idan damina ta yi ƙarfi madatsun suka cika suka tumbatsa, ruwansu yakan haɗu da na sama ya afka wa gonaki da gidajen ƙasa, kamar yadda aka gani a ambaliyar Agustan 2001 da ta 2022, waɗanda suka yi ɓarna a kwarin kogin tun daga Wudil har Ringim da Haɗeja. Noma fadama rani da damina ya kuma toshe mashaya da burtali, wato hanyar da aka keɓe wa shanu, abin da yake haddasa saɓani tsakanin manomi da makiyayi a wuraren da da can kowa yake da lokacinsa. Wanda ambaliya ta cinye wa shinkafa, ko wanda gonar gadonsa ta tsuke saboda rabo, ba shi da mafita sai ci-rani, wato tafiya neman kuɗi Kano ko Abuja ko Legas bayan girbi, kuma a gidaje da yawa ci-ranin ya daina ƙarewa da faɗuwar ruwan farko.

Hukumar da ta fi kusa da waɗannan matsaloli ita ce ƙaramar hukuma, wadda gyaran 1976 ya kafa a madadin En'e, kuma an cire Ajingi daga Gaya a shekarun 1990 da hujjar kusantar da mulki ga jama'a. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da hanyoyin ƙauye da magudanan ruwa, da sa hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya, amma ya bi da kuɗinsu ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun gwamnatin jiha, wanda ya mai da shugaban ƙaramar hukuma kamar jakadan da, mai kai kuka birni ya jira amsa. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma a zaɓen 26 ga Oktoban wannan shekara jam'iyyar NNPP ta lashe shugabancin dukkan ƙananan hukumomi 44 na jihar.

Waɗanda aka zaɓa a Gaya da Ajingi ba su da iko da ƙofofin Tiga, ba su kuma da ta cewa a darajar sandar sarki, saboda haka ba adalci ba ne a tuhume su a kan waɗannan. Abin da jama'a suke da haƙƙin nema a wurinsu shi ne rijiyar burtsatse mai aiki, da malami a aji, da magani a asibitin sha-ka-tafi, da kwalbatin da zai sa motar albasa ta fita daga fadama, da sanarwa a kan kari kafin ruwa ya iso, da kuma bayyana wa jama'a nawa ya shigo asusu kowane wata, ta ina kuma ya fita. Wa'adinsu shekara uku ne, wato damina uku kacal.